Farar ƙasa a fatar jaririya: inda ta yi mini aiki da inda ta gaza

Na yi amfani da farar ƙasa ta shafawa a jikin 'yata tun daga tsakiyar bazara har hunturu ya kankama, saboda haka na ga halinta a zafi, na kuma ga halinta a sanyi. Wadda nake nufi ita ce tatacciya, niƙaƙƙiya, da ake sayarwa a roba mai murfi da sunan kaolin, ba dunƙulen nan na kasuwa da masu ciki suke gwaguya ba. A wuyan yarinyar ta yi aikin da ban zata ba. A mazaunanta ta yi dama-dama. A kumatunta kuwa ƙara ɓata lamarin ta yi.

'Yata irin yaran nan ce da fatarsu ba ta ɗaukar komai. Sabulu mai turare ya taɓa ta, sai ta yi ja. Omo bai gama fita daga riga ba, sai ƙuraje su feso. Da zafin Afrilu ya sauka a Kano, ma'auni yana haura 40, ga rashin wuta da dare, sai wuyanta ya zama abin tausayi. Yarinya ce mai jiki, wuyan ninki-ninki, gumi da dalala da ragowar nono duk a can suke taruwa. In ka ɗaga haɓarta sai ka ga layi ja yana sheƙi, da 'yan ƙananan ƙurajen zafi a gefe, ga wani ɗan wari mai tsami. Duk man da na shafa sai ya ƙara riƙe danshin. Man nan na kemis mai haɗi uku, wanda mata da yawa suke cakuɗa wa jarirai cikin basilin, na ƙi shi tun farko, domin akwai sitiroyid mai ƙarfi a cikinsa, kuma yawan shafa shi yana sirantar da fatar yaro.

A wajen wata mai sayar da kayan gyaran jiki ta intanet na saya, roba biyu: ɗaya kaolin, ɗaya bentonite, wata irin ƙasar shafawa ita ma. Ko a ido sun bambanta. Kaolin fara ce sol, tana da santsi tsakanin yatsu, in ka zuba mata ruwa nan da nan take narkewa ba gardama. Bentonite kuwa ruwan toka ce, tana shan ruwa tana kumbura, tana yin gudaji da yauƙi, sai ka bar ta ta jiƙa kafin ta damu. Asalinta tokar dutse mai aman wuta ce da ta daɗe ta rikiɗe, shi ya sa take da wannan ƙarfin zuƙa. Na gwada kowacce a cikin damtsena kafin in kusantar da su ga yarinyar. Da bentonite ta bushe sai na ji tana jan fata tana tsukewa, bayan na wanke wurin ya ɗan yi ja. Kaolin ta bushe ta yi fari, ban ji komai ba. Tun daga nan na san wadda za ta hau wuyan jaririya, domin saman fatar jariri ya fi na babba siranta, kuma ruwa ya fi saurin tserewa daga cikinta. Abin da ya ja fatar babba, ta yaro zai fi ja.

Yadda nake yi ba wuya. Ina ɗibar kamar rabin ƙaramin cokali a wani ɗaki, nesa da ita, in dama da ruwan da aka tafasa ya huce, ya yi kaurin koko. Bayan wankan safe in tsane wuyan da tawul mai laushi, dannawa nake yi ba gogawa ba, in bar iska ta ɗan shiga. Sai in lakata da yatsa in shafa siriri a cikin ninkin, yadda har ana hango fatar ta ƙasa. Kafin ta bushe ƙarau ta fara tsattsagewa, sai in share da auduga mai ruwan ɗumi, in sake tsanewa. Ba na barinta ta wuni, ba na barinta ta kwana. Kuma sabuwa nake damawa kullum, domin ƙasa mai ruwa in ta kwana a kofi matattarar ƙwayoyin cuta ce. Kafin ma in kai ta wuya, sai da na ɗiga kaɗan a cinyarta na jira har washegari in ga ko wurin zai canza.

Cikin 'yan kwanaki sheƙin nan ya tafi. Jan ya koma launin fatarta, warin ya ɓace, ta daina murza wuya a kafaɗata tana ƙananan kuka. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yadda take yin lamo in ana shafa mata, saboda sanyin ƙasar. Ba wani sirri ba ne a ciki. Ƙurajen zafi suna fitowa ne idan hanyoyin gumi suka toshe, ninkin fata kuma yana yin ja ne saboda danshi da gogayya. Farar ƙasa tana zuƙe danshi da maiƙo, ta bar wurin a bushe na ɗan lokaci, fata ta samu sararin gyara kanta. Amma dole in faɗi cewa a lokacin na rage mata kaya, na koma 'yar shimi ta auduga, ina kuma fito da ita inuwar tsakar gida da yamma. Ƙasar ta taimaka, sauran ma sun taimaka.

Ƙurajen ƙunzugu labarinsu daban. Lokacin da ta fara cin abinci, bayan gidanta ya canza, famfas ya ci mata mazaunai. Akwai dalilin da ya sa na sa rai da ƙasa a nan. A 2014 masu bincike a jami'ar koyon aikin likita ta Kashan, a ƙasar Iran, sun gwada bentonite da man furen kalandula a kan jarirai masu irin wannan ƙurji, suka ga waɗanda aka shafa wa bentonite sun fi saurin warkewa. Ƙaramin bincike ne, amma ba maganar banza ba ce. Har ma ruwan kalamin mai ruwan hoda da iyaye suke shafa wa yara lokacin ƙarambau, a haɗinsa akwai bentonite. A wurin 'yata dai kaolin ta rage jan, sai dai ba ta tsayawa. Fitsari ɗaya ya wanke ta. Abin da wurin yake buƙata shi ne abin da zai shiga tsakanin fata da fitsari da kashi, domin haɗuwar biyun ce take haifar da amoniya, ita kuma ta ƙara wa sinadaran cikin kashi ƙarfin cin fata. Man zink mai kauri ne ya iya wannan, tare da yawan canza famfas da barinta ba ƙunzugu a kan zani na ɗan lokaci. A nan man zink ya fi ƙasa nesa ba kusa ba, kuma ya fi ta araha.

Wata nas a asibitin da muke zuwa rigakafi ta ƙara mini wani haske da nake so kowace uwa ta sani. Ta ce, "Maman yarinya, in kin ga jan ya yi jajir, ya shiga can cikin matsematsi, ga 'yan ɗigo-ɗigo a kewaye, wannan naman gwari ne. Ba ƙasa ba, ba basilin ba, ki kawo ta a rubuta mata magani." Na ce, "To Sista, in wurin ya saɓule fa?" Ta ce ko kusa kada ƙasa ta taɓa fatar da ta buɗe ko take tsatstsafar da ruwa.

Da hunturu ya shigo sai fatar yarinyar ta juya. Kumatunta da bayan gwiwoyinta suka bushe, suka yi kaushi da ƙaiƙayi. Mai sayarwar ta rubuta a tallarta cewa ƙasar tana maganin duk wata matsalar fatar yara, har da wannan. Ba haka ba ne. Wurin da na shafa ya ƙara bushewa ya yi fari fat, ta dinga kai hannu tana susa. Fatar da take neman maiƙo ba a ba ta abin da yake zuƙe maiƙo. Man kaɗanya mara turare da basilin ne suka dawo da kumatun, ina shafawa jikinta da sauran lema bayan wanka. Tun daga lokacin robar take ajiye.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci da tunani a wannan harka shi ne asalin ƙasar. Surukata da ta ga robar ta tambayi kuɗinta, sai ta riƙe baki. Ta ce, "Ke 'yar nan, farar ƙasa ce fa. Ga ta nan a kasuwa ta ɗari biyu ta ishe ki, ki daka ki tankaɗe." Na ce, "Hajiya, gaskiyarki, asalinsu ɗaya. Abin da ke cikinta ne ban sani ba." Kuma lallai muna da farar ƙasa a Arewa mai yawa, ana haƙo ta a Kankara ta jihar Katsina da Alkaleri ta jihar Bauchi, masana'antun fenti da alli suna saye. Amma ƙasa tana ɗauke da abin da ke cikin ramin da aka haƙo ta, kuma dalma, ƙarfen nan mai guba da kan gauraya da ƙasa, ba ta da wari ba ta da launin da ido zai gani. Hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta taɓa gargaɗin mata masu ciki game da dunƙulen ƙasar da ake kai musu daga Afirka ta Yamma, saboda an sami dalma da yawa a ciki. Ko a Amurka, a 2016 hukumar abinci da magunguna ta can ta ja kunnen jama'a kan wasu kayan bentonite da ake sayarwa a manyan shaguna, nan ma saboda dalma. Kenan kyakkyawar roba da rubutun Turanci ba su ne shaida ba.

Mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labarin dalma ba. A 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙura tana sauka inda yara suke rarrafe. Ba ina cewa ƙasar shafawa za ta yi irin wannan ɓarna ba, domin dalma ba ta cika ratsa lafiyayyar fata ba. Hanyarta baki ce da hanci. To jariri kuwa duk abin da ya taɓa wuyansa ya taɓa hannunsa, duk abin da ya taɓa hannunsa ya shiga bakinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana zuƙar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, kuma babu wani adadi nata da aka san ba ya cutarwa. Illarta a ƙwaƙwalwa take, ba ta kuma gyaruwa. Hajiya ta ce ai sai a gasa ƙasar a wuta. Gashi yana iya kashe wasu ƙwayoyin cuta, amma dalma ƙarfe ce, tana nan daram.

Shi ya sa na nemi mai sayarwar ta turo mini takardar gwajin ɗakin bincike, wadda take nuna adadin dalma da wata gubar mai suna arsenik a cikin buhun da ta ɗebo. Sai da na yi ta bibiya kafin ta samo daga wanda ya sayar mata, kuma ga alama ni ce farkon wadda ta tambaya. Wannan shi ne babban ƙorafina da ita. Robar ba lambar NAFDAC, ba ranar da aka zuba, ba bayanin yadda ake amfani, ba gargaɗi ko ɗaya, alhali da hoton jariri take talla. Tana da kirki da saurin amsa saƙo, kayan ma sun iso a rufe da kyau, amma wanda yake sayar da abin da za a shafa wa jinjiri nauyin da ke kansa ya wuce fara'a.

Har a tallar ta ce ana iya barbaɗa ta a matsayin hoda. Wannan ban yarda da shi ba sam. Buɗe murfin kawai in ka yi a inda rana take shigowa ta taga, za ka ga ƙura tana tashi tana yawo. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana hana barbaɗa wa jarirai hoda saboda shaƙarta tana cutar da huhu, kuma laushin wannan ƙasar bai gaza na hoda ba. A jiƙe kawai nake kusantar da ita.

Cibiya kuma, don Allah 'yan'uwa, a bar ta. Ƙwayar cutar tetanus, mai sa jariri ya sandare ya kasa kama nono, a cikin ƙasa take rayuwa, kuma tana jure zafi ƙwarai. Ta cibiyar da ba ta warke ba take shiga. Man kulohekzidin da ake bayarwa a asibiti shi ne na cibiya, ba toka ba, ba ƙasa ba, komai tsabtarta. Jaririn da bai yi arba'in ba ma ni ba zan shafa masa ƙasa a ko'ina ba. Haka idan ƙuraje suka zo da zazzaɓi, ko suka yi ruwa ko mugunya, ko yaro ya ƙi nono, maganar ta asibiti ce a ranar.

Kaolin ɗin da na saya ko rabi ban ci ba, domin kaɗan take isa, kuma in an rufe ta ruwa bai shiga ba tana daɗewa. In Allah Ya kai mu bazara zan sake fito da ita don wuya da hammata, in ta ƙare kuma sai wanda ya nuna mini takardar gwaji zan saya a wurinsa. Bentonite ɗin na ba ƙanwata, ita da fuskarta take da maiƙo.