Katin ƙarin ƙwaƙwalwa na Amiga 500: wata biyu ina amfani da shi

Kwamfutar ta Baba ce, Allah ya jiƙansa. Da ita ya dawo daga karatu a Ingila, ta kuma shekara da shekaru a cikin akwatin ƙarfe a gidanmu na Ƙofar Marusa. Amiga 500 ce, wadda kamfanin Commodore ya fitar a 1987, da ƙwaƙwalwa 512KB kacal. Da na kunna ta a hunturun bana ta tashi lafiya lau, sai dai manhajar zane ta Deluxe Paint III da Baba ke ji da ita tana buƙatar 1MB kafin ta yi zane mai motsi.

A ƙarƙashin injin akwai 'yar ƙofa inda ake soka katin ƙari. Na buɗe na tarar da tsohon katin yana nan, amma batirin agogon da ke jikinsa ya tsiyaye saboda tsufa, tsatsa kore ta cinye layukan tagulla. Wanda duk ke da irin wannan injin a ajiye, don Allah ya duba yau.

Saura ƙiris in sayi katin 1MB da na gani a intanet, don a ganina babba ya fi. Mai gyaran rediyo da talabijin da na kai wa injin a Ƙofar Ƙaura, dattijo mai haƙuri, shi ya tsayar da ni. Ya ce, "Yaro, ba a yi wa mutum ɗinki sai an auna shi. Mu buɗe tukuna." Da muka buɗe muka karanta abin da ke rubuce a allon ciki: Rev 6A, guntun Agnus kuma, mai kula da ƙwaƙwalwar hoto da sauti, lamba 8372A. Katin da na so saye na wata ƙirar Amiga ne, A500 Plus, wadda Agnus ɗinta daban ne, mai iya riƙe 2MB. Na A600 kuwa bakinsa ma ba zai shiga ba. Abin da ya dace da tawa shi ne 512KB irin A501, katin ƙarin da Commodore ya yi wa wannan injin.

Shi na yi oda, sabon ƙira, daga wani mai haɗa su a Turai. Kuɗin aikowa ya fi na katin, kuma sai da na yi mako uku ina jira.

Katin ƙarami ne, aikinsa tsaf. Ya shige haƙora 56 na mahaɗin ba tare da na danna da ƙarfi ba, ƙofar ta rufu daidai. Na kunna, lambar ƙwaƙwalwar da ta rage, wadda Workbench 1.3, manhajar sarrafa injin, ke nunawa a saman allo, ta haura ninki biyu. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne batirin: CR2032 ne, irin na agogo da ake samu a Babbar Kasuwa, ana zare shi da yatsa. Injin ba shi da agogon kansa, amma da na katin, yanzu ko an ɗauke wuta ba ya mance kwanan wata.

Inda nake da ƙorafi shi ne babu ko takarda ɗaya ta bayani a cikin kwalin. Mai saye zai zaci injin zai ƙara gudu, alhali ba ya ƙarawa ko kaɗan. Motorola 68000, guntun da ke tafiyar da injin, yana nan a kan kusan 7MHz ɗinsa. Wannan ƙarin ba ya shiga ƙwaƙwalwar da hoto da sauti ke ɗiba, sai an taɓa mahaɗai biyu a allon, JP2 da JP7A. Dattijon ya ce zai iya. Na ce, "Baba, a bar ta yadda mai ita ya bar ta."

Daren Juma'ar da ta wuce na sa ɗaya daga cikin tsofaffin faifan Baba. Zanen hasumiyar Gobarau ne ya fito, da tsuntsaye suna kewaya ta, aikin da ban taɓa sanin ya yi ba. Na kira Inna ta zo ta gani.