PhET: manhajar da ke nuna wa ɗaliban fiziks abin da ake nufi da sarari fanko

Duk malamin fiziks na sakandare ya san tambayar da ke kayar da ɗalibai: idan iska ƙwayoyi ce ƙanana masu yawo, mene ne a tsakaninsu? Amsar da aka saba ji ita ce “iska ce”, ko kuma “ƙura”, domin hankali ba ya saurin yarda cewa akwai gurbin da babu komai a cikinsa. A kan wannan tambaya na auna shafin PhET na Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka, wanda Carl Wieman, masanin da ya ci kyautar Nobel a 2001, ya kafa a 2002. Kyauta ne a intanet, yana buɗewa a waya ko kwamfuta, kuma ana iya sauke darasi a ajiye don lokacin da babu data.

Darasin da ya fi amfani shi ne Gas Properties. Ɗalibi yana farawa da akwatin da babu komai a ciki da ma'aunin matsi yana kan sifili, sai ya danna famfo ƙwayoyi su shiga, su riƙa karo da bango, matsin kuma ya hau a gaban idonsa. Daga nan ake gane cewa fanko ba ya zuƙar komai, iskar waje ce ke turawa. Wannan shi ne abin da Torricelli, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya nuna a 1643, lokacin da zaiba ta tsaya a wajen milimita 760 a cikin bututu ta bar gurbi a samanta, kuma shi ne dalilin da ya sa famfon zuƙo ruwa da aka girke a bakin rijiya ba ya iya ɗago ruwan da ya wuce zurfin mita 10 ko kusa da haka, komai ƙarfin injinsa. Darasin Under Pressure yana ƙarfafa batun, domin akwai maɓallin kashe iskar duniya gaba ɗaya, sai ma'aunin da ke nuna matsin kusan kilopaskal 101 a saman ruwa ya koma sifili. Rutherford Scattering kuwa yana nuna cewa mafi yawan cikin ƙwayar zarra sarari ne, amma a gurguje ɗalibi zai wuce shi idan ba a tsayar da shi ba.

Inda nake da ja shi ne tsabtar akwatin Gas Properties ta yi yawa. A duniyar gaske ba a taɓa samar da fanko cikakke ba, ko a ɗakin gwaji ko a tsakanin taurari, kuma gurbin da babu ƙwayoyi ba ya rasa haske da ƙarfin jan nauyi, shi ya sa hasken rana ke isowa gare mu alhali sauti ba ya ratsa wurin. Ɗalibin da aka bari shi kaɗai da allo yana iya ɗauka cewa inda babu iska babu nauyi, kuskuren da ya daɗe yana damun ajin fiziks. Shawarata ga malami ita ce ya haɗa darasin da sirinji na gaske: ɗalibi ya toshe bakin sirinjin da yatsa, ya ja, ya ji yadda iska ke mayar da shi, sannan ya koma allo ya bayyana dalili da bakinsa.