Shugaba mai tsawa ko shugaba mai saurare?

A 1960 wani malamin jami'a a Amurka, Douglas McGregor, ya raba tunanin shugabannin ma'aikatu gida biyu. Na farko yana ganin ma'aikaci malalaci ne, sai an tsaya a kansa. Na biyu yana ganin mutum na son aikinsa, in an ba shi dama da amana zai yi abin kirki.

Na farkon yana da sauri, wannan ba a musa masa. Ran da gobara ta tashi a ɗakin ajiya, ba wanda ke son a kira taro, umarni ake bukata. Matsalarsa tana kunnensa. Ma'aikata sun gane cewa mai kawo mummunan labari shi ke shan tsawa, sai kowa ya ja bakinsa ya yi gum. Kuskure ya yi ta girma a ɓoye, shi kuwa yana ofis yana karanta rahoton da aka yi wa kwalliya, yana gyaɗa kai.

Na biyun yana cin lokaci, wani sa'in har ya ba mutum haushi. Amma dubi masana'antar Toyota: an ba ƙaramin ma'aikaci ikon jan igiya ya nemi a tsayar da layin haɗa mota idan ya ga aibi. Shugaban da ya yarda da haka ya san mai ɗaure noti ya riga shi ganin ɓaraka. Ni dai a ƙarƙashin irin wannan zan fi son aiki, ko da taronsa zai kai mu yamma.