Buhu ko Fangali: Wanne Ya Fi Dacewa da Tsakar Gida?

Assalamu alaikum. Wata 'yar'uwarmu da ke zaune a gidan haya a Kano ta yi tambaya mai kyau. Tsakar gidanta duk siminti ne, sai wani ɗan lungu a bayan kicin da ba a daɓe ba, bai fi taku uku ba. Ruwa kuma saye take yi wurin 'yan ga-ruwa. Tana son ta noma kayan miya da hannunta, ba takin zamani, ba maganin feshi na shago. Shin ta shuka a buhu ne, ko ta haƙa lungun ta yi fangali?

'Yar'uwa, a halin da kike ciki ni buhu zan ce ki fara da shi, ki bar wa lungun abin da ke da dogon saiwa. Amma ba don buhu ya fi ƙasa ba. A wurare da dama ƙasa ce gaba, kuma zan faɗa miki su, don kada ki shiga da tsammanin da zai sa ki yi fushi ki bari.

Kafin komai, ki duba rana. Tumatir, attaruhu, tattasai da kuɓewa suna son rana kai tsaye ta awa shida ko fiye. Ganye irin su latas, alayyahu da na'a-na'a suna haƙuri da awa huɗu. Lungun bayan kicin galibi katanga ce ta wannan gefe, ginin ɗaki ta wancan, rana ba ta leƙa shi sai da tsakar rana ta wuce. Ki ɗauki yini guda ki lura: ƙarfe nawa hasken ke sauka a ƙasan lungun, ƙarfe nawa yake barinsa. In bai kai awa huɗu ba, ko wane irin taki kika zuba, shukar za ta yi tsawo siririya, ta yi fari-fari, ta kwanta. Nan ne buhu ya yi nasara ta farko, domin shi ɗaukarsa ake yi a kai shi inda rana take. Fangali kuwa inda aka haƙa shi nan yake, ko da hunturu ya zo rana ta karkata kudu inuwar katanga ta rufe shi.

A ruwa kuwa, fangali ya fi nesa ba kusa ba, kuma wannan ne abin da masu tallata noman buhu ba sa son faɗa. Buhun shinkafa ko na masara saƙaƙƙe ne, iska na ratsa shi ta ko'ina, ruwa na tsiyayewa ta gindi yana kuma bushewa ta gefe. Da hunturu iskar ɗari na zuƙe shi, da bazara kuma, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, simintin ƙasa na gasa shi ta ƙasa rana na gasa shi ta sama. A Afrilu dole ki ba buhu ruwa safe da yamma. Kika yi tafiyar biki ta kwana biyu ba ki bar wa kowa amana ba, za ki dawo ki tarar alayyahu ya kwanta. Fangali yana da uzuri. Saiwar tana bin laima zuwa ƙasa, kuma da yake masu lambu suna yin sa ɗan ƙasa da doron ƙasa da gefe a ɗage, ruwan da aka zuba a ciki yake zama. Dabarar ke nan da manoman jihar Tahoua a Nijar ke yi da ramukan da suke kira tassa, a zuba taki a rami a bar ruwa ya taru a gindin shuka, har ƙasar da ta mutu ta farfaɗo. Ga mai sayen jarka, wannan bambanci kuɗi ne.

Akwai abin da za ki yi ki rage ƙishin buhu. Ki ɗora shi kan bulo biyu ko katako kada ya taɓa siminti. Ki jera buhunan su jingina da juna su yi wa juna inuwa. Ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa, kaurin yatsu biyu. Farin buhu ya fi baƙin baho ko tsohuwar taya, don baƙi zafi yake sha ya dafa saiwa. Sannan ki sa bokiti a wurin alwala. Ruwan alwalar gida guda, da na wanke shinkafa da na wanke ganye, ya isa ya riƙe buhuna da yawa ba ki ƙara sayen jarka ba. Wanda ba za ki zuba ba shi ne ruwan omo, na bilic, da na wanke-wanke mai maiƙo da gishiri. Buhu ƙasarsa kaɗan ce, gishirin omo taruwa yake yi a ciki, sai ki ga bakin ganye na ƙonewa.

Da damina lissafin juyawa yake. A Agusta, lokacin da ruwa ke sauka kwana da kwanaki, ɗan lungu mai katanga ta ko'ina tafki yake zama, musamman in indararo a nan yake zuba. Saiwar tumatir da attaruhu ba ta jure kwana biyu cikin ruwa, ruɓewa take yi. Wanda zai yi noman ƙasa da damina sai ya ɗaga ta ya yi kunya maimakon fangali. Buhun da ke kan bulo ba ruwansa da wannan, in dai kin huda gindinsa wuri biyar ko shida.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, tunda kin ce abinci mai tsabta kike nema: ƙasar kanta. Ƙasar bayan kicin a gidan haya ba ki san tarihinta ba. Shekara da shekaru ana zuba mata ruwan wanke-wanke, akwai ɓaraguzan siminti daga lokacin gini, wataƙila an binne batir da gwangwanin fenti, wataƙila sokawe na kusa. Ki haƙa kamu ɗaya ki gani da idonki. In kika tarar da ƙasa mai duhu, mai saɓa, ga tana na motsi, alhamdulillahi. In kika tarar da farar ƙasa mai dutse da leda, ko ta yi wari, to sai an kwashe an sauya, kuma aikin ya fi na cika buhu. In shadda ko sokawe na kusa, kada ki shuka abin da ake ci ɗanye kamar latas a wurin ko kaɗan. A buhu ke ce mai zaɓen abin da zai shiga: kashi biyu ƙasar gona mai kyau, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya ɓuntun shinkafa, wanda in an ɗan babbaka shi ya yi baƙi ya fi. In ƙasar laka ce mai danƙo ki ƙara yashi. Sai dai ki kiyayi ƙasar juji. Gaskiya ne manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar sharar birni a mangala kan jakuna suna kai wa gonakinsu, amma sharar wancan zamani toka ce da kashin dabba da ƙaiƙayi. Ta yau cike take da leda, batir da abin da aka ƙona, kuma ganye na ɗaukar gubar dalma daga irin wannan ƙasa.

Taki kuwa, ko a buhu ko a fangali, sharaɗinsa ɗaya ne, ya ruɓe. Kashin kaji ya fi kowane ƙarfi, kuma ɗanyensa ƙone shuka yake yi, musamman a buhu inda saiwa ba ta da wurin gudu. Kashin awaki da tumaki ya fi sauƙin kai, shi nake ba mai farawa shawara. Na shanu sanyi gare shi amma yana zuwa da irin ciyawa. Ki tara shi a gefe, ki yayyafa ruwa, ki rufe da tsohon buhu, kina juyawa duk mako biyu, har ya yi baƙi, ya daina wari, ya daina zafi in kin cusa hannu. Yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. Ba don shukar kawai ba, don cikin yara ma. Ƙa'idar noman da ba sinadari ta Amurka ta ce in an zuba ɗanyen taki, sai an jira kwana 120 kafin a girbe abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, saboda ƙwayoyin cuta. Alayyahu kuwa mako uku zuwa huɗu ake fara yankarsa, kin ga ɗanyen taki ba shi da wuri a nan.

Inda suka bambanta shi ne yunwa. Fangali in kin ba shi taki da kyau tun farko zai kai ki ƙarshen shuka. Buhu kullum ban-ruwa na wanke abincinsa yana fita ta gindi, don haka duk mako biyu zuwa uku sai kin ƙara cikin hannu ɗaya ko biyu a sama, ko ki jiƙa ruɓaɓɓen taki a bokiti ki tace, ki sirka har ya yi kalar shayi mara kauri, ki zuba a gindi ba a kan ganye ba.

Me za a shuka a ina? Alayyahu, latas, lawashi, na'a-na'a da lalo saiwarsu gajera ce, zurfin santimita 20 ya ishe su. Ki naɗe bakin buhu zuwa rabi, ko ki kwantar da shi ki tsaga bayansa. Attaruhu da tattasai suna jin daɗin buhu sosai, tushe ɗaya ko biyu a kowane, kuma in kin kula da su attaruhu zai wuce shekara yana ba ki. Tumatir tushe ɗaya a buhu ɗaya, da sanda a ɗaure shi. Mutane na cusa biyar su ce bai yi ba. Kuɓewa, yakuwa, rama da kabewa sun fi sakewa a ƙasa. Zogale kam ƙasa yake so, ki sa shi a lungun, kina sare kansa in ya kai ƙirjinki don ya yi rassa ya ba da ganye, ba zai zama bishiyar da mai gida zai yi magana a kanta ba. Shi ne ma abin da zai fi jure ƙarancin ruwan da kike fama da shi.

Akwai salon buhu da ke ninka wuri. A unguwar Kibera ta Nairobi, wata ƙungiyar Faransa mai suna Solidarités ta yaɗa shi tun 2008 ga mutanen da ba su da ko taku ɗaya na fili. Ana sa gwangwani mara gindi a tsakiyar buhu, a cika shi da tsakuwa, a zuba ƙasa kewaye, a ja gwangwanin sama a sake, har tsakuwar ta zama ginshiƙi daga ƙasa zuwa baki. Ta nan ake zuba ruwa ya ratsa ko'ina. Sai a huda gefen buhun a dasa ganye a ramukan, sama kuma a sa albasa ko attaruhu. Yana aiki, amma da dashe, ba da yafa iri ba, kuma sai kina juya buhun don kowane gefe ya ga rana. Ki bari hannunki ya faɗa tukuna.

Wajen ƙwari an raba riba. Gara da tsutsar nan ta cikin ƙasa da ido ba ya gani, mai sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulli-ƙulli shukar ta tsumbure, matsalar fangali ce. In ta shiga ɗan lungu ɗaya, fitar da ita sai an daina shuka su a wurin na tsawon lokaci. A buhu zubar da ƙasar za ki yi ki sauya. Amma abin da ke tashi sama bai san buhu ba bai san fangali ba: farin ƙuda, darɓa (ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan ganye), da tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir. Maganinki na gida darbejiya ne. Ki ɓare busassun 'ya'yanta ki daka ƙwayar, kimanin gram 50 a lita ɗaya ta ruwa, ki jiƙa ya kwana, ki tace da ƙyalle, ki narka ɗan sabulun salo a ciki, ki fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, duk mako. Rana na kashe ƙarfinsa, shi ya sa ba a fesawa da hantsi kuma ba a ajiye shi. Ganyen da kika ga tsutsa ta yi masa farin zane a ciki, ki tsinke ki ƙone. Kaji, awaki da ƙadangaru kuwa sun fi ƙwari ɓarna a tsakar gida. Tsohon gidan sauro a kan sanduna huɗu yana tsare su duka, kuma ya fi sauƙin kafawa kan jerin buhuna.

Kuɗi: fangali fartanya ce da taki. Buhu sai kin nemo ƙasa an kawo miki, ga shi rana na cin buhun, bayan shuka ɗaya ko biyu ya fara yagewa ya zama gari, sai a zura shi cikin sabo. Kada ki yi amfani da buhun da aka zuba maganin ƙwari ko irin da aka yi wa magani. A ɗaya gefen, ke 'yar haya ce. Takin da kika zuba wa lungun shekara biyu na mai gida ne ranar da kika tashi. Buhu kuwa da shi da ƙasarsa a kura ake ɗorawa.

Lokacin farawa ma ya shafi zaɓin. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ne ƙofar latas, tumatir, kabeji da albasa, don sanyi suke so. Tumatir in zafin rana ya wuce digiri 35 furensa zubewa yake yi ba ya ɗaura 'ya'ya, a buhu ko a ƙasa. In yanzu bazara ce ko damina a wurinki, ki fara da alayyahu, lalo da attaruhu a buhu huɗu ko biyar a gefen da rana ke fitowa, ki sa zogale biyu da kuɓewa a lungun in ya ci jarrabawar rana da ta haƙa. Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, ki gauraya shi da yashi kafin ki yafa don kada ya fito cunkus, ki rufe shi da ƙasa sama-sama, ki yayyafa ruwa da gwangwanin da kika huda gindinsa da ƙusa. In kin haƙa lungun, ki faɗa mana kalar ƙasar da kika tarar da awa nawa rana ke yi a ciki, sai mu san ko ya cancanci a sauya masa ƙasa ko a bar wa zogale shi kaɗai. Allah Ya sa albarka.