Tarukan Landan biyu, 1933 da 2009: wanne ya taimaki marar aiki?

Malam, ka tambaya ko tarukan da shugabannin ƙasashe masu arzikin masana'antu ke yi suna tsinana wa marar aikin yi wani abu, ko dai hoto kawai ake ɗauka a watse. Bari in jera maka taruka biyu ka duba da kanka. Duka a Landan aka yi su, duka a lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, tsakaninsu shekara 76.

Na farkon an buɗe shi ranar 12 ga Yunin 1933, da wakilan ƙasashe 66, Firaministan Birtaniya Ramsay MacDonald ne ya shugabance shi. A lokacin, kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka na zaune ba aiki. A Jamus marasa aiki sun kai miliyan 6 a 1932, kuma wannan ƙuncin na cikin abin da ya share wa Hitler hanyar mulki a Janairun 1933. Na biyun taron G20 ne, wato ƙungiyar manyan ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, na ranar 2 ga Afrilun 2009, Firaministan Birtaniya na lokacin Gordon Brown ne mai masaukin baƙi, wata shida da 'yan kai bayan rushewar bankin Lehman Brothers na Amurka. Na 1933 ya kwashe makonni shida ya tashi ba a cimma komai ba. Na 2009 kwana ɗaya aka yi, aka fito da alƙawarin dala tiriliyan 1.1.

Abu na farko da ya raba su shi ne lokaci. A 1933 an zo ne bayan ɓarna ta riga ta auku. Tun 1930 Amurka ta kafa dokar Smoot-Hawley wadda ta ɗaga kuɗin fito a kan dubban kayayyaki, Kanada da ƙasashen Turai suka rama. A 1931 Birtaniya ta daina ɗaure kuɗinta da zinariya, a 1932 kuma ta ƙulla yarjejeniyar Ottawa, ta fifita kayan ƙasashen daularta a kan na kowa. Darajar cinikin duniya ta faɗi da kusan kashi biyu cikin uku tsakanin 1929 da 1934. Raɗaɗin ya kai har Kano, inda farashin gyaɗa ya karye a hannun manomin da bai san ana wani taro a Landan ba. A 2009 kuwa tun kafin a zo, a taron Washington na Nuwamban 2008, an riga an yi alƙawarin ba za a kafa sababbin shingayen ciniki ba. Ga kuma Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, waɗanda babu makamancinsu a 1933.

Abu na biyu shi ne yadda aka yi da saɓani, don duka tarukan biyu an samu saɓani. A 1933 Faransa ta dage sai an daidaita darajar kuɗaɗe a kan zinariya. Shugaba Roosevelt na Amurka kuwa ya riga ya kwance dala daga zinariya tun Afrilu, yana son farashin amfanin gona ya tashi don manoman Amurka su samu su biya bashi. Ranar 3 ga Yuli, yana cikin jirgin ruwan yaƙi, ya aiko da saƙo cewa ba ya cikin zancen daidaita kuɗi. Nan taron ya mutu, ko da yake an ci gaba da zama har ƙarshen wata. Ni dai ba na ɗora masa laifin duka. Ƙasashen da suka saki zinariya da wuri su suka fara farfaɗowa, Faransa da ta riƙe ta har 1936 ta fi kowa daɗewa cikin wahala. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a ce ƙasashe 66 sun taru amma an kasa zama a yarda a saki zinariyar tare, a sassauta kuɗin fito tare.

A 2009 Obama da Brown na son kowace gwamnati ta ƙara zuba kuɗi a tattalin arzikinta, Merkel ta Jamus da Sarkozy na Faransa na son a fara ɗaure bankuna da doka, har Sarkozy ya yi barazanar ficewa. Sai aka ba kowa wani abu ya koma da shi gida. An ninka kuɗin Asusun Lamuni sau uku zuwa dala biliyan 750, an ware biliyan 250 don lamunin da 'yan kasuwa ke buƙata kafin kaya su hau jirgi, an kuma kafa hukumar sa ido kan harkar bankuna.

To yanzu ga sakamakon. A fannin ciniki, 2009 ta yi nisa da 1933. Yawan kayan da ake cinikinsu a duniya ya ragu da kusan kashi 12 cikin 100 a 2009, ya tashi da kusan kashi 14 a 2010. Ba wai kowa ya cika alƙawari ba ne: Bankin Duniya ya gano 17 daga cikin mambobin G20 sun ɗan taɓa shinge, Amurka ma ta ƙaƙaba wa tayoyin motar ƙasar Sin harajin kashi 35 a Satumban 2009. Amma ba a shiga ramuwar gayya irin ta 1930 ba, kuma ma'aikacin da masana'antarsa ke sayar da kaya waje ya amfana da wannan, ko bai sani ba.

A fannin aikin yi ne abin ya ba ni takaici. Rashin aiki a Amurka ya tsaya a kashi 10 a Oktoban 2009, bai kusanci kashi 25 na 1933 ba, wannan nasara ce. Sai dai an kai 2014 kafin a maido da yawan ayyukan da aka rasa. A Sifen rashin aiki ya kai kashi 26 a 2013, a Girka kashi 27, fiye da rabin matasan da ke neman aiki a ƙasashen biyu na zaman kashe wando. Jamus ta tsira, amma da dabarar gida ta tsira: kamfani ya rage wa ma'aikaci sa'o'in aiki maimakon ya sallame shi, gwamnati ta cike masa wani kaso na albashin da ya rasa. Fiye da mutum miliyan 1 aka riƙe a bakin aiki ta haka a 2009.

Ka ga ciniki na da dokoki da wurin kai ƙara, harkar kuɗi na da asusun da za ta jingina da shi, shi kuwa marar aiki an bar shi da baitulmalin ƙasarsa, in da ƙarfi in babu. Ministocin ƙwadago na G20 ba su yi zamansu na farko ba sai Afrilun 2010, shekara guda bayan Landan. Wata biyu bayan nan, a Toronto, ƙasashe masu arziki suka yi alƙawarin rage giɓin kasafin kuɗinsu da rabi kafin 2013, alhali a kudancin Turai layin masu neman aiki ƙara tsawo yake yi.