Ƙunar fitsari a jikin zomo: wanki da ruwa ko tsane shi da sitaci?

Wata 'yar'uwa ta yi tambaya a kan zomonta. Ta ce ƙasan wutsiyarsa da cinyoyinsa kullum a jiƙe suke, gashin wurin ya yi rawaya har ya fara zubewa, fatar ta yi ja, ga zarni. Wasu sun ce ta yi masa wanka, wasu kuma sun ce kada ta yarda ruwa ya taɓa zomo, hodar sitaci kawai za ta barbaɗa. Wanne za ta bi?

'Yar'uwa, kowace shawara a cikin biyun tana da wurinta, kuma fatar zomon ce za ta nuna miki wadda ta dace. Ki kwantar da tawul a ƙasa, ki sa wani ya riƙe miki ƙirjinsa, ki buɗa gashin da yatsa a wuri mai haske. Idan fatar lafiya take, laima ce kawai a saman gashi, sitaci ya isa. Idan kuwa fitsarin ya ratsa har fata, ko gashin ya dunƙule da kashi, ko wurin ya yi ja kamar yadda kika faɗa, sai an sa ruwa. Fitsarin zomo yana da kaifi irin na ruwan toka, muddin yana kwance a fata zai ci gaba da cinta, sitaci kuwa laima yake tsotsewa, ba ya wanke abin da ya riga ya zauna.

Aikin sitaci gajere ne. Ki nemi sitacin masara zalla, ba kwastad ba, ba garin tuwo ba. Babban cokali ɗaya ko biyu ya isa. Ki barbaɗa a gashin da ya jiƙe, ki murza da yatsu har ya kai saiwa, ki taje da ƙaramin mataji, ki kakkaɓe ragowar nesa da hancinsa. Minti biyar an gama, ba sanyi, ba firgici, kuma ana iya maimaitawa safe da yamma. Hodar jarirai mai ƙamshi ko mai talkum ba ta dace ba, domin zai shaƙa ya kuma lasa. Kada sitaci ya hau fatar da ta saɓule ko take tsatsafo da ruwa, cakuɗewa zai yi ya zama ɓawo, ya rufe ciwon yana ruɓewa a ƙasa.

Wankin ruwa shi ne mai tsaftacewa da gaske, shi ne kuma mai haɗari. Masu cewa kada a yi wa zomo wanka suna da gaskiya idan ana nufin a tsoma shi gaba ɗaya. Zomo da ya tsorata yana iya harbi da ƙafafun baya har ƙashin bayansa ya karye, gashinsa kuma yana da kauri, yana daɗewa bai bushe ba, sanyi ya kama shi. Don haka gindin kawai ake wankewa. Ki shimfiɗa tawul a cikin baho don kada ƙafarsa ta zame, ki zuba ruwa mai ɗumi da zurfinsa bai wuce santimita 3 zuwa 5 ba, ki gwada ɗuminsa da gwiwar hannu. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirjinsa, gabansa a sama, ɗaya hannun yana kaɗa ruwan a cikin gashi a hankali. Ba a cuɗawa, ba a sa soso. Ki canza ruwan sau biyu ko uku har ya daina yin rawaya. Ba a sa Dettol ko Izal ko sabulun wanki. Inda fata ta buɗe, ki ɗauraye da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a shafe cikin rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce.

Busarwa ita ce rabin aikin, a nan ne kuma mafi yawan mutane suke ɓata shi. Zomon da aka wanke aka mayar keji da danshi ya fi wanda ba a wanke ba shiga haɗari. Ki dinga danna busasshen tawul, ba gogawa ba, ki canza wani idan ya jiƙe. In akwai na'urar busar da gashi, ki sa ta a mafi ƙarancin zafi, nesa da shi kamar tsawon kamu ɗaya, hannunki na kan fatar don ki ji zafin kafin shi. A lokacin hunturu ki yi wankin da hantsi a cikin ɗaki. Kada ki ajiye shi a rana ya bushe, zafi yana kashe zomo da sauri.

Ko wanne kika zaɓa, aske gashin wurin ya fi su duka amfani, domin gashin ne ke riƙe fitsarin. Da injin aski ake yi, ba da almakashi ko reza ba, saboda fatar zomo siririya ce, tana yagewa nan take. Bayan ta bushe sarai, ki shafa basilin kaɗan, shafi mara kauri, don fitsari na gaba ya zame ya wuce. Ki guji mayukan ƙaiƙayi na kemis irin su Funbact-A, suna ɗauke da sinadarin da ke raunana garkuwar jikin zomo. Kada kuma a fasa kafso na Ampiclox a barbaɗa a ciwon. Zai lasa, magungunan dangin fenisilin kuwa idan suka shiga cikin zomo ta baki suna kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci, zawo ya biyo baya, sau da yawa har mutuwa.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ƙuda, musamman da damina. Yana yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashi, cikin kwana ɗaya ko ƙasa da haka tsutsa ta ƙyanƙyashe ta fara cin nama. Ki duba ƙasansa sau biyu a rana, ki rufe kejin da gidan sauro. Da kin ga tsutsa ko ɗaya, asibitin dabbobi za a nufa a ranar. Haka idan ya yi awa 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba.

Sai dai lafiyayyen zomo ba ya jiƙa kansa, yana ɗaga gindi ya yi fitsarinsa nesa da jiki. Wani abu ne ya hana naki, kuma ruwa da sitaci ba sa maganin wannan. Yana iya zama ƙiba, ko ciwon gaɓoɓi da na baya idan ya manyanta, ko ciwon mafitsara, ko tsakuwa a cikinta, ko shimfiɗa mai laima da yake kwana a kai. Ki lura da fitsarin. Launin ja ko ruwan goro sau da yawa daga ganyen da ya ci ne, amma fitsari mai kauri da ke barin farin gari idan ya bushe, tare da yunƙuri da ɗiga kaɗan-kaɗan, alamar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, ne ya taru a mafitsara. Jikin zomo yana ɗibar kalsiyam ɗin abinci da yawa, rarar kuma ta fitsari take fita. A nan ki duba kwanonsa. Abincin kaji masu ƙwai yana da kalsiyam wajen kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100, zomo kuwa bai buƙatar fiye da kashi 1, don haka a daina ba shi. Harawa da zogale da alayyahu ma suna da shi sosai, a rage su, busasshiyar ciyawa ta zama ita ce mafi yawan abincinsa. Ruwa kuma a buɗaɗɗen kwano mai nauyi, domin ya fi sha a haka, zomo mai kilo 2 yana shan mililita 100 zuwa 300 a rana. Ki cire jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kullum. Tunda fatar ta riga ta yi ja, ki kai shi likitan dabbobi ya taɓa mafitsarar, ya gwada fitsarin, ya ba shi maganin raɗaɗi daidai nauyinsa.