Ajin Faransanci na yamma a Unguwar Rimi: abin da na samu a wata uku

Matar ƙanena 'yar Abijan ce. Julanci da Faransanci take ji, Hausarta kuwa ba ta wuce ta gaisuwa da cefane ba. Da ta dawo aikin Hajji na ga ta yi sanyi, ta rage magana, tana daɗewa a kan sallaya. Na so in tambaye ta abin da ta gano a can, amma iyakacina "ça va ?", wato lafiya lau?, ita kuma ta ce "ça va, Yaya", shi ke nan. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na shiga wannan aji.

Malamin ɗan Damagaram ne, yana koyarwa Asabar da Lahadi bayan la'asar, N15,000 a wata. Mu goma sha huɗu ne, yawanci 'yan kasuwa masu zuwa Kwatano da ɗalibai masu shirin jarrabawar DELF ta shaidar iya Faransanci. Ranar farko ya tambayi kowa abin da ya kawo shi. Da na faɗi nawa bai yi dariya ba, sai ya ce, "Hajiya, wannan darasi ne sukutum, za mu zo kansa."

Ya kuwa cika alkawari a mako na shida. Ya rubuta a allo: "Qu'est-ce qui a changé en toi depuis ton retour ?", wato me ya sauya a cikinki tun dawowarki. Sai ta biyu, wadda na fi so: "Qu'est-ce que tu en as retenu ?", me kika riƙo daga ciki. Ya ja kunnenmu kada mu ce wa mutum "tu as changé" kai tsaye, domin yana iya jin ta kamar yadda muke jin "kin canza", da ɗan zargi a ciki. Ya kuma nuna mana cewa "tu t'es changée" nufinta kin sake tufafi, harafi kaɗan ne tsakaninsu amma magana ta koma wani wuri. Batun "tu" (kai ko ke) da "vous" (ku) ya sauƙaƙa shi da misalin gida: yadda muke ce wa dattijo "kun tashi lafiya" ko da shi kaɗai ne, haka "vous" take. Ga matar ƙanena "en toi", ga mahaifinta "en vous".

Inda ajin ya gaza shi ne furuci. Awa ɗaya da rabi ba ta isar kowa ya buɗe baki, kuma in an ɗauke wuta ɗakin yana da zafi ƙwarai. Sautin "r" na maƙogwaro sai a gida na yi ta maimaita shi da saƙon muryar da yake turo mana a WhatsApp.

Daren wata Juma'a muna tsince shinkafa a tsakar gida na yi mata tambayar. Ta ajiye faranti ta dube ni, idonta ya ciko. Ta yi magana mai tsawo a kan yinin Arfa, rabi kawai na kama, amma na ji "je suis devenue plus patiente", na ƙara haƙuri. Na roƙe ta ta sake faɗa a hankali, ta sake, har shinkafar ta kwana ba a gama tsince ta ba.

Na riga na biya kuɗin wata na huɗu.